Hoto da Harafi: Darasin da Na Koya a Ƙasar Batsari

A shekarar 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin nan da ya ɗauki wata takwas, na tattara 'yan littattafaina na koma gida ƙasar Batsari. Da zaman ya yi tsawo, sai wani kawuna, hedimastan wata makarantar firamare, ya kira ni ya ce, "Ɗana, zaman banza ya isa haka. Zo ka riƙe mini Ingilishin aji uku." Na ce, "Kawu, ai ni Hausa nake karantawa." Ya yi murmushi ya ce, "To, su ma da Hausa suke ji."

Ajin cike yake maƙil, kuma da yawan yaran baƙi ne a garin. Iyayensu sun taso daga ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu, wasu daga wajen Runka ta ƙasar Safana, saboda 'yan bindigar da suka addabi yankin. Kayan aikina kuwa, ban da allo da alli, sai wani kwali na littattafan Ingilishi masu hotuna da aka kawo kyauta.

Yadda nake yi shi ne, in ɗaga littafi in tambaye su da Hausa abin da suka gani, sa'an nan in ba su sunansa da Ingilishi, kana in karanta jimlar da ke ƙarƙashin hoton su maimaita. Kafin wata guda, da zarar na buɗe shafi sai aji ya ɗauka baki ɗaya. Har na fara jin cewa na iya malanta.

Ranar da kawu ya zo duba aikina, bai ce uffan ba sai da muka gama. Sa'an nan ya karɓi littafin, ya cire hularsa ya rufe hoton da ita, ya nuna kalmar da yatsa. Aji ya yi tsit. Ya dube ni ya ce, "Malam, hoto suke karantawa." Kunya ta kama ni, domin kuwa gaskiya ya faɗa: hadda na koya musu, harafi ko ɗaya bai shiga ba.

Daga nan na raba gwajina kashi uku, ina kiran yaro ɗai-ɗai ƙarƙashin dalbejiya. Na farko, in nuna hoto ba rubutu, domin in san ko ya riƙe kalmar a baki. Na biyu, in nuna kalma a kan guntun kwali ba hoto, domin in san ko yana iya haɗa baƙi da wasali. Na uku, in karanta masa gajeren labari in yi masa tambaya, in kuma yarda ya amsa da Hausa, tun da fahimta nake aunawa. Nan na ga abin da amsar taro ta ɓoye mini. Wani ya san kalma a baki amma bai san ta a takarda ba. Wani kuma yana furta rubutu sarai, amma bai san me ya faɗa ba. Waɗanda suka fi saurin kama karatun Ingilishi kuwa, su ne 'yan kaɗan ɗin da suka riga suka iya karatun Hausa.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masana. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, kuma ba a same su a baya ba ko a darasin Ingilishi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko harshen yankin. A 2022 gwamnati ta amince a yi hakan har aji shida, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke wannan tsari, a koma ga Ingilishi. Ko da wane harshe doka ta zaɓa, yaron Batsari da Hausa zai fara fahimtar abin da aka nuna masa.

Su kansu hotunan akwai magana a kansu. Shafin da ke ɗauke da dusar ƙanƙara ko jirgin ruwa aiki biyu yake ɗora wa yaro, watau sanin abin da kuma sanin sunansa. Amma ran da na buɗe shafi mai garken shanu, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta miƙe ta taɓa farar saniyar da ke gefe, ta ce, "Malam, irin tamu ce, kafin a kore su." Na ba ta kalmar saniya da kalmar fari, sai ta haɗa jimlarta ta farko da Ingilishi. Na rubuta jimlar a allo, kuma washegari ta karanta ta ba tare da hoto ba. Ita ce ta farko a ajin da hular kawu ba ta kayar ba.

Saboda haka ina kira ga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, kada mu ɗauka koyar da Ingilishi a firamare ba ruwan Sashen Hausa. Mu ne muka san inda harshen yaro zai yi tuntuɓe, alal misali yadda yake haɗa sautin "p" da "f" wuri guda. Mu ne kuma ya kamata mu rubuta ƙananan littattafai masu jaki da rumbu da rijiya, Hausa a shafi ɗaya, Ingilishi a ɗayan. Ni dai na fara nawa, kuma shafin farko farar saniya ce.