Oba-oba Ba Ta Kai Kira Gashuwa

In gobara ta tashi a kasuwar Nguru cikin hunturu, ɗan kwana-kwana ba shi da abin neman agaji da ya fi oba-obar da ke hannunsa. To, amma maganar wannan na'ura a miƙe take tafiya, kamar hasken tocila. Katangu da rumfunan kwano sukan tare ta, zafi kuma yakan raunana batirinta. Iyakarta kilomita kaɗan, alhali tsakanin Nguru da Gashuwa ya fi kilomita 50. Maganin abin shi ne doguwar hasumiya mai karɓar magana ta cilla ta gaba. In babu ita, bawan Allah na ta kira, abokan aikinsa ba su jin kome sai ƙara, dukiyar talakawa kuwa tana zama toka.