Iya Ta Ce A Kai Ta Gida

Da wasa abin ya fara, a gurup ɗinmu na 'yan gida a WhatsApp. Wani ɗan Baffana, wanda ba shi da aiki sai ƙona data, ya turo bidiyon wani jirgin ruwa na yawon shaƙatawa mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara ɗibar fasinja daga Miami ta Amurka a Janairun 2024. Hawa 20 ne da shi, da wuraren wanka, da gidajen cin abinci. A ƙasan bidiyon ya rubuta, "Yawon Sallar bana ke nan, kowa ya shirya fasfonsa." Aka yi ta dariya. Gwaggo ta turo murya daga Doguwa wai ita a kama mata ɗaki kusa da kicin.

Da na je gida Bebeji a ƙarshen mako sai na nuna wa Iya, kakarmu, don in tsokane ta. Ta kai wayar dab da idonta na dama, don yana ta riga ta rufe na hagun. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan gari ne ko jirgi?" Na ce jirgi ne, kuma da shi zan kai ta yawon amarci. Ta miƙo min wayata ta ce, "Kai maigidan banza, ko kuɗin cefane ba ka bayarwa. In da gaske kuke, ni ba na son wannan. Ku sa ni a kwale-kwale a Tiga ku kai ni gida."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san dam ɗin Tiga. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina shi a kan Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974, kuma ruwansa ne ke shayar da gonakin Kadawa, inda tumatir da shinkafa da alkamar Kura da Garun Malam da Bunkure ke fitowa. Wannan duk mun haddace shi tun a firamare. Abin da ba a koya mana ba shi ne, kafin ruwan ya kwanta akwai mutane a wurin. Garin su Iya yana cikin waɗanda aka tayar. Ta fito da Baffa a goye, ta baro kabarin mahaifiyarta, da na 'yarta ta fari da ƙyanda ta ɗauke tun ba a yaye ta ba. Daga baya dangi suka watsu, wasu Kiru, wasu Tudun Wada, mu muna Bebeji, aure ya kai Gwaggo Doguwa. Mu jikoki mun sha jin "tsohon gari" a bakinta kamar yadda ake jin tatsuniya. Wallahi ban taɓa tambayarta ko tana kewarsa ba.

Da na maida maganar gurup, sai dariya ta tsaya. Abba ya ce za a yi. Kuma tunda ni ne ɗan boko mai karanta harkar gudanarwa a Poli, sai aka ɗora min shirin. Na karɓa da gadara. A daren na buɗe Excel na ja layuka: suna, gari, mota, kuɗi. Na ji kamar malaminmu na tsare-tsare yana bayana yana jinjina kai.

Jerin farko mutum 41 ya ba ni, daga Iya mai shekara kusan 80 zuwa ɗan Yaya mai wata 7, wato tattaɓa-kunnenta na farko. A tsakani akwai masu hawan jini, da mai juna biyu, da samarin da hoto kawai zai kawo su, da yaran da ba sa zama wuri ɗaya ko na minti biyu.

Rana ma sai da aka yi mako biyu ana ja. Baffa yana da albasa a fadama, ba ya barin ta. Yaya sai mijinta ya yarda. Gwaggo kuwa sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba wanda ya yi mata musu: duk abin da za a yi a gama da wuri, don ba za ta ratsa dajin Falgore da yamma ba. Wanda ya san hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ya san dalili. A ƙarshe aka tsaya a kan kwana uku bayan ƙaramar Sallah, lokacin kowa ya gama gaishe-gaishe, ni ma ba mu koma lakca ba.

A kan kuɗi na fara yin ɓarna. Aka ce karo-karo za a yi, kowa daidai ƙarfinsa. Ni kuma, don a ga gaskiyata, sai na ɗauki hoton teburin lissafina na watsa a gurup, sunan kowa da abin da ya bayar. A aji an ce mana wannan shi ne riƙon amana. Cikin minti goma Gwaggo ta fita daga gurup ɗin. Baffa, wanda shi ne babba amma abin da ya bayar bai kai na ƙanensa ba, ya daina ɗaga wayata. Umma ce ta kira ni ɗaki ta ce, "Kai wane irin yaro ne? Ka taɓa ganin an tona asirin tukunya a tsakar gida?" Sai da na hau mota har Kiru na durƙusa. Baffa ya bar ni a tsugune ya gama alwalarsa, sannan ya ce, "Boko dai ba hankali ba ce. Tashi." Daga ranar na cire layin kuɗi daga idon jama'a, ya koma tsakanina da Abba.

Ashe babbar rigimar tana gaba, kuma a ɗakinmu take. Umma, wadda ta taya ni lallashin kowa, ta ce ita 'ya'yanta ba za su hau ruwa ba. Ta ce a je, a ci abinci a bakin dam, a yi addu'a daga tudu, ai Allah yana ji. Na ce Umma ai ba nisa. Ta ce, "Na Bagwai ma ba nisa za su ba."

Ban da abin cewa. Kowa a Kano yana tuna ƙarshen Nuwamban 2021, ranar da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara, kuma abin da aka fi faɗa shi ne lodi ya yi yawa. Su ma taron farin ciki za su. Wataƙila su ma akwai manya a wurin da suka ga an cika jirgin, kowa ya ji nauyin ya ce a rage.

Wannan jin nauyin shi ya hana ni barci. Na san gidanmu. Na san in aka je bakin ruwa Baffa ya ce "ku matsa a shigo da yaran nan," ba mai iya buɗe baki.

Sai na ɗauki kuɗin da na ware na handawut na tafi Tiga ni kaɗai, mako guda kafin Sallah, da azumi a bakina. Na sami wani masunci mai kwale-kwale mai inji, dattijo, yana gyaran koma a inuwa. Na tambaye shi jirginsa mutum nawa yake ɗauka. Ya ce, "Ku nawa ne?" Na ce a'a Baba, ni jirgin nake tambaya. Ya ce in an matsa zai ci 20. Na ce to in mahaifiyarka ce a ciki fa? Ya ɗago ya dube ni sosai, ya ce, "Takwas, har da ni."

Shi ya koya min abin da babu shi a teburina. Ya ce mun dace da lokaci, don a ƙarshen rani ruwa ya ja baya, an sha sakinsa zuwa gonaki, tsofaffin kututture ma suna leƙowa. Amma ya ce mu zo da sassafe, don in rana ta take iska kan taso, ruwan kuma yana da faɗin da in ka shiga tsakiya ba ka gane ɗaya gaɓar sosai. Rigunan ruwa uku gare shi. Sauran biyar sai da na bi abokai a makaranta har aka samo min aro a Kano.

Na dawo da doka uku: mutum takwas, kowa da rigar ruwa, ba yaro ƙasa da shekara 10. Sawu biyu za a yi, na Iya da na matasa, sauran su zauna a inuwa da tabarmi da kuloli. Umma ta saurara ta ce, "Wa zai faɗa wa Baffanka?" Na ce Iya. Jika ba ya kafa wa baffansa doka, amma uwa tana kafa wa ɗanta ko ya yi furfura. Na je na zauna da Iya na yi mata bayani, ta turo murya da kanta a gurup, Gwaggo ma an dawo da ita ta ji. Ba wanda ya ce uffan.

Sai dai ban san dokar za ta fara cin mai ita ba. Da Iya ta zo zaɓen 'yan jirginta ta lissafa 'ya'yanta uku, da ƙaninta na Tudun Wada wanda ya yi kiwo a tsohon garin yana yaro, da ni, da ɗan Baffan da ya jawo maganar. Sannan ta ce, "Da ɗan jaririn nan. Ina so in nuna wa Innata shi."

Na ce, "Iya, ba zai hau ba."

Ta ce ai a cinyarta zai zauna, ba wuri zai ci ba. Na ce ba rigar da za ta yi masa. Ta ce ita da ta goyi ubana yau ni zan koya mata riƙon yaro? Ban taɓa yi mata musu ba sai na wasa, kuma a daren muryata rawa take yi. Na ce in an sa shi, gobe duk mai goyo za ta ce a sa nata, kuma ba ni da bakin hanawa. Ta juya fuskarta bango. Har na fita ba ta ce min sai da safe ba, ko "maigidan banza" ban samu ba.

Ranar tafiya motoci suka haɗu a Tiga wajen ƙarfe 8, ban da ta Kiru da ta yi faci ta iso kusan 9. Iya ba ta kula ni ba har bakin ruwa. Da na zo ɗaura mata rigar a kan hijabinta ta ce, "Yau kuma 'yar KAROTA aka maida ni." Na san an fara hucewa. Yaya ta kwance zanen goyon ɗanta ta miƙa mata wai ta kare rana. Iya ta karɓa ta ninke a cinya, ba ta ce komai ba. Umma tana tsaye a tudu da carbi.

Mun yi kusan minti 40 a kan ruwa. Ni a zatona za mu ga wani abu, ko kan kuka, ko bakin rijiya. Babu. Ruwa ne kawai, da busassun itatuwa jefi-jefi, da tsuntsaye a kansu. Ƙanin Iya ya dinga auna duwatsun da ke nesa, yana cewa in wancan ya saitu da wancan to mun zo. Iya, wadda da ƙyar take ganin hannunta, ta ce ƙarya yake yi, tun yana yaro ba ya gane hanya. Suka yi ta musu kamar yara, masunci yana juya jirgi hagu da dama. Can ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan." Ya kashe inji.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Baffa ya ja addu'a, muka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa 11. Iya ta sunkuya, ina riƙe da igiyar rigarta ta baya, ta tsoma hannu a ruwa har gwiwar hannu. Ta yi sallama. Ta ce, "Inna, ga ni. Ga su nan sun girma." Ta ɗaga zanen goyon ta ce akwai wani ma a tudu, an hana ta zuwa da shi. Sannan ta kira sunan 'yarta ta fari. Kun san iyayenmu da alkunya, ba sa faɗin sunan ɗan fari. Abba, da shekarunsa 50 a duniya, ranar ya fara jin sunan yayarsa daga bakin uwarsu. Ya juya yana kallon wani gefen. Ni ma ba zan rubuta sunan a nan ba.

Kafin mu dawo gaɓa iska ta fara tasowa, ruwa yana marin gefen jirgi. Matasa sun riga sun yi layi, wasu har sun sa baƙin tabarau. Na dubi masunci, ya girgiza kai. Na ce sawu na biyu babu. Aka yi min ca, wata ƙanwata har da kuka, wai na ci kuɗinsu. Baffa da kansa ya daka musu tsawa, ya ce abin da yaron nan ya faɗa shi ke nan. Muka bi su da soyayyar ƙarfasa da yaji har suka yi shiru. Ƙarfe 2 Gwaggo ta kama hanyar Falgore, ta kira da ta isa.

Har yau 'yan gurup Kyaftin suke kirana, kuma ba yabo ba ne. Rigar ruwa ɗaya ta ɓata, ina biya a hankali daga kuɗin abincina, don haka duk wanda ya gan ni da garin kwaki a hostal ya san dalili. A mota muna komawa Bebeji, Iya ta yi shiru har na zaci barci take. Sai ta taɓo ni ta ce, "Maigidan banza, anya wurin nan ne kuwa? Ina jin mun ɗan wuce. Baɗi in da rai ka sake nemo mana mutumin nan, amma ka bar ƙanin nan nawa a gida."