Ku Juya Bayan Sulallan Rumawa

Mai kallon tsoffin sulallan daular Rum fuskar sarki yake fara dubawa. Amma labarin yana baya, inda ake buga hoton abin bautarsu.

A zamanin da ba jarida ba rediyo, sule shi ne sanƙiran gwamnati, yana shiga hannun soja da fatake da mai sayar da burodi, daga Birtaniya har Masar. Abin da na lura da shi kuwa, gunkin da sarki ya fi bugawa sau da yawa yana nuna abin da ya fi rasawa ne.

Ku dubi Sarki Oto. A watan Janairun shekarar 69 Miladiyya ya hau mulki bayan an kashe Sarki Galba, nan da nan ya buga Faks, gunkiyar zaman lafiya, riƙe da reshen zaitun, da rubutun cewa duniya duka ta samu lafiya. Alhali rundunonin abokin hamayyarsa Bitaliyus sun riga sun taso daga iyakar Jamus. A watan Afrilu aka ci Oto da yaƙi, ya kashe kansa.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Sarki Galiyenus. A shekarar 260 Sarkin Farisa Shafur ya kama mahaifinsa, Sarki Baleriyan, da ransa. Yankin Gol ya ɓalle, annoba na cin mutane. Wajen shekarar 267 sai Galiyenus ya fitar da jerin sulalla, kowanne da sunan wani abin bauta da dabbarsa: Diyana da barewa, Jufita da akuya, Naftun da dokin teku, gunkin rana da doki mai fukafuki. A jikin kowanne an rubuta cewa abin bautar shi ne mai tsaron sarki. Wasu na kiran wannan farfaganda kawai. Ni dai ina ganin mutumin da tsoro ya cika wa ciki ne, yana ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ko wata za ta buɗe.

Sai dai sojan da aka biya da wannan kuɗi ba makaho ba ne. Azurfar ciki ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, sauran tagulla ce da aka yi wa fari a sama, da ya ɗan sha hannu sai ja ya fito. A shekarar 268, a sansaninsa na bakin garin Milan, manyan hafsoshin Galiyenus da kansu suka kashe shi.