In Tsoho Ya Ce Ba Shi Ya Taɓa Ba

Ranar ɗaurin auren jikar yayana abin ya faru. An fito da Yaya ƙofar gida a kan kekensa na lantarki, wanda 'ya'yansa suka saya masa na hannu bayan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yana zaune a gefen rumfa yana jan carbi, sai wani ɗan banga ya zo ya durƙusa yana gaishe shi. Ana cikin gaisuwar aka kira yaron ta oba-oba. Ya zaro ta nan dab da hannun keken, ya danna yana amsawa. Keken ya yi ƙas, ya zabura gaba kamar taku biyu, tayar gaba ta faɗa kwata. Allah ya kiyaye, aka tare shi kafin ya kife, sai hula da ta faɗi da ɗan ƙujewa a gwiwa.

Babban ɗansa ya ce, "Baba, ai hannunka ne ya taɓa giyar." Yaya ya ce, "Wallahi ban taɓa ba." Aka yi masa irin murmushin nan da ake yi wa tsoho in an yanke cewa ya fara ruɗewa. A cikin gida kuwa har an fara maganar mugun baki, wai ranar biki ba a rasa masu hassada. Murmushin nan ya fi faɗuwar yi masa ciwo, don na ga yadda ya sunkuyar da kai.

Ni kuwa shekara talatin na yi ina aiki a ɗakin tiransimita na gidan rediyo. A can mukan riƙe doguwar fitilar lantarki a hannu kusa da eriya, ta kama haske ba tare da an jona ta da komai ba, don mu ba sababbin ma'aikata mamaki. Igiyoyin rediyo ba a ganin su, amma duk wayar ƙarfe da suka ratsa sai sun zuba mata 'yar wuta. Kun san ƙarar nan, dirit-dirit, da lasifikar masallaci ke yi in kira zai shigo wayar da ke aljihun ladan. Ai abin ke nan, lasifika ta ji abin da ba da ita ake ba.

Keken lantarki ma kunne gare shi. Giyar hannun da ake tuƙa shi da ita ba ta da ƙarfin juya taya. Ɗan saƙo ne mai rauni take aikawa ta waya zuwa akwatin da ke sarrafa injin, shi kuma ya saki birki ya ba taya wuta daga batir biyu masu bolt 12 kowanne. In igiyar rediyo mai ƙarfi ta shiga wayar nan, akwatin na iya ɗaukar ta a matsayin umarni. Ƙas ɗin da muka ji birki ne ya saki.

Ba a garinmu aka fara ganin wannan ba. A Amurka, cikin shekarun farko na 1990, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta riƙa samun rahoton kekuna masu tafiya da kansu. Da ta gwada su a ɗakin bincike ta tarar da gaske ne, wasu na sakin birki, wasu na motsawa in an haska musu igiyar rediyo. A watan Mayun 1994 ta rubuta wa masu ƙera kekunan cewa su manna gargaɗi, su kuma bayyana iyakar juriyar kowane keke. Ma'aunin da aka ɗauka a matsayin mai amfani shi ne bolt 20 a mita. Daga baya aka yi ƙa'idar duniya ta gwajin, ISO 7176-21. Shi ya sa sabon keke na kamfani mai mutunci ba ya cika yin wannan rawa. To amma mu nawa ne ke sayen sabo? Galibi na gwanjo ne ke iso mana, ba takarda, ba a san shekarunsa ba, ba a san hannu nawa ya bi ba.

Abin da nake so ku riƙe, 'ya'yana, kusanci ne. Mutane na tsoron ƙarfen sabis da ke bayan layi, alhali abin da ke hannun mai gaisuwa ya fi shi zama barazana ga keken. Ƙarfin igiya raguwa yake da nisa, in ka ninka tazara ya ragu da kusan rabi. Wayar salula ba ta wuce wat 2, sau da yawa ma ƙasa da haka sosai. Oba-oba ta hannu takan kai wat 5, kuma a tazarar taƙi ɗaya tana iya wuce bolt 20 ɗin nan. Rediyon da ake ɗaura wa motar 'yan sanda ko ta ɗaukar marasa lafiya kuwa yakan kai wat 25 zuwa 50. Mai walda ma in yana aiki, a ba shi hanya, tartsatsinsa na watsa hayaniyar lantarki ta ko'ina.

Maganin ba ya cin ko sisi. In tsoho ya isa inda zai zauna, a kashe keken. Keken da aka kashe birkinsa a kame yake, kunnensa a toshe. Da mun yi haka ranar bikin da babu abin da zai faru, amma sai muka bar shi a kunne a bakin kwata sa'a guda, don kowa na ganin ai a tsaye yake. Haka in zai amsa waya, ya tsaya ya kashe tukuna, kada kuma a riƙa ajiye wayar a jikin giyar. In keken ya motsa da kansa, maɓallin kashewa za a nufa, ba kokawa da taya ba. Ku koya wa mai keken inda maɓallin yake har ya iya danna shi ido rufe, ku koya wa yaron da ke raka shi. Alhazan da ke hawa kekunan lantarki a ɗawafi da sa'ayi su ma su kiyaye, in za a kira gida a tsaya gefe.

Sai maganar masu gyara. Washegari na kwance keken Yaya, na tarar an taɓa tsinke wayar giyar an ƙara mata tsawo da wayar fanka, an naɗe da salatif. Wayar asali tana da rigar ƙarfe saƙaƙƙiya a ciki wadda ke tare igiyoyi, mai gyaran ya feƙe ta ya yar, don a ganinsa ba ta ɗauke da wuta. Wani kuma ya jona fitila da wurin cajin waya kai tsaye daga batir. Duk wayar da aka ƙara eriya ce aka dasa wa keken. Ban ga laifin mai gyaran sosai ba, babur da janareto ya sani, kuma a wurinsa in abu ya tashi ya gyaru. Ku ne za ku tsaya a kansa ku ce a nemo wayar asali ko a bari.

Ba kowace zabura ce ta rediyo ba, kada ku ce na ce. Ruwan sama in ya shiga giyar, ko batir ya yi sanyi, ko soket ya yi lako-lako, duk suna kawo irin wannan, kuma sun fi yawa. Saboda haka in abin ya faru a tambayi mai keken a natse: ina kake, wa ke kusa, me ke hannunsa? Shi ne ke zaune a kai, ya fi kowa sanin inda hannunsa yake.

Da muka sami wayar da ta dace na sauya, sai na aika aka kira ɗan bangan. Muka ɗora keken a kan bulo tayoyi na lilo, muka kunna, ya danna oba-obarsa a jikin giyar har sau uku, ko motsi. Na sa tsohuwar wayar, ya sake dannawa, birki ya yi ƙas, taya ta juya. Babban ɗan na tsaye yana kallo. Yaya bai ce masa komai ba, ya dai miƙa hannu a ba shi carbinsa.