Jan Biro A Littafin Ma'aji

Akwai wani dattijo a Jimeta, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ya ajiye aiki, da abokansa suka manta da sunansa na yanka, ba su kiransa da kome sai Ma'aji. Dalili kuwa shi ne ya fi shekara 20 yana riƙe da littafin kuɗi na ƙungiyar 'yan ajinsu na sakandare. Littafin babba ne mai baƙin bango, irin wanda akawunan En'e ke rubutu a ciki a da, kuma kowane ɗan aji yana da shafinsa. Wanda ya biya kuɗin wata sai a rubuta masa da shuɗin biro. Wanda Allah Ya yi wa rasuwa kuwa, sai Ma'aji ya ɗauko jan biro ya ja layi a ƙarƙashin sunansa, ya rubuta rana da wata da shekara. A 'yan shekarun nan jan biron ya fara cin tawada fiye da yadda mai shi yake so.

Makarantar da ta haɗa su ba ɓoyayya ba ce a Adamawa. Ita ce wadda ake kira Kwalejin Janar Murtala Mohammed, amma tsofaffi sun san ta tun tana Midil ta Yola a zamanin Turawa, sa'an nan ta zama Sakandaren Lardin Adamawa. Alhaji Muhammadu Ribaɗu, Ministan Tsaro a Jamhuriya ta farko, wanda ya rasu a 1965, ya yi karatu a Midil ɗin, ya kuma koyar a cikinta. Lamiɗo Aliyu Musɗafa, wanda ya yi sarauta daga 1953 har zuwa 2010, ta nan ya bi. Haka nan Malam Ahmed Joda, wanda ya zarce zuwa babbar kwalejin Arewa, ya yi aikin jarida a Kamfanin Gaskiya na Zariya, daga baya ya zama babban sakatare a gwamnatin tarayya, ya rasu a 2021. Alhaji Atiku Abubakar ya shiga a 1960 ya fita a 1965, a lokacin da matasan Amurka 'yan sa kai ke koyarwa a makarantun Arewa. To, wanda ya kwana a ɗakin da irin waɗannan mutane suka kwana, in ya ɗan ɗaga kafaɗa ba a ga laifinsa ba.

Ita kanta al'adar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana da asali mai nauyi a ƙasar nan. A 1939 waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina, wadda a lokacin ta koma Kaduna, suka kafa tasu. Ba ta yi tsawon rai ba a wancan karon, don kuwa Turawan mulki da sarakuna ba su saki jiki da taron 'yan boko ba, amma daga cikin mutanenta aka sami waɗanda suka riƙe ragamar Jam'iyyar Mutanen Arewa daga baya. Watau a farkon al'amari taron tsofaffin ɗalibai wuri ne na shawara a kan makomar jama'a. Yau kuwa, in za a faɗi gaskiya, da yawa daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi sun koma wurin ɗinkin anko, da cin kaji, da miƙa wa mai kuɗi lambar yabo don a ja hankalinsa ya buɗe aljihu. Ba duka ba. Akwai masu gyara azuzuwa da haƙa rijiyoyin burtsatse ba tare da sun kira mai ɗaukar hoto ba, Allah Ya saka musu.

Su Ma'aji sun shiga makarantar ne a 1974, lokacin Yola tana ƙarƙashin Jihar Arewa Maso Gabas, hedkwata tana can Maiduguri. Kowane yaro ya zo da akwatin ƙarfe da bokiti da langalanga. Aka zuba su a ɗakin kwana ɗaya, Bafillace da Bachama da Chamba da Kilba da Margi da Higi, wasu ko Hausa ba ta zauna a bakinsu ba tukuna. Gadon da ke kusa da na Ma'aji na wani siririn yaro ne daga Michika, Kirista, mai kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi kamar me. Ma'aji ɗan gari ne, iyayensa na cikin Yola, saboda haka duk ranar ziyara sai a kawo masa dakkere da kindirmo, su ci tare. Shi kuma yaron ya riƙa zaunar da shi bayan an kashe fitila yana warware masa lissafin da ya gagare shi a aji. In watan azumi ya zo, shi ke tashin Ma'aji sahur, don Ma'aji mai nauyin barci ne. Suna aji biyu Janar Murtala ya ƙara yawan jihohi daga 12 zuwa 19 a ran 3 ga Fabrairu 1976, aka kafa Jihar Gongola, Yola ta zama babban birni. Ba a gama murna ba, bayan kwana 10, ran 13 ga wata, aka kashe shi a Ikko. Daga baya aka sa wa makarantar sunansa, ko da yake shi ɗan Barewa ne.

Da suka gama a 1979 kowa ya kama gabansa. Wasu suka tafi jami'a, wasu soja, wasu kwastan, wasu kasuwa. Mutumin Michika ya zaɓi alli, ya koma ƙasarsu yana koyar da lissafi, har abokai suka laƙaba masa Ticha. Sai da furfura ta fara leƙowa, bayan an raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba a 1991, sa'an nan suka nemi juna suka kafa ƙungiya. Aka rubuta tsarin mulki da Turanci mai kauri, don akwai lauyoyi biyu a ajin. A ciki aka ce kowa zai riƙa biyan kuɗin wata, in ɗan ƙungiya ya rasu a kai wa iyalinsa gudummawa, amma wanda bashi ya hau kansa har shekara biyu, iyalinsa ba su da rabo. A ranar da aka karanta wannan sharaɗi ba wanda ya ɗaga hannu ya ƙi, don a lokacin kowa yana da albashi, kuma ba wanda ya ɗauka shi ne zai fara mutuwa.

Sai ga 2014. A watan Satumba 'yan Boko Haram suka kama Michika, a ƙarshen Oktoba suka shiga Mubi, jama'a suka yi ta kwararowa Yola a ƙafa da bayan manyan motoci, wasu ta cikin duwatsu, wasu ta Kamaru. Wata rana da magariba Ma'aji ya ji sallama a ƙofar gida. Da ya fito sai ya ga Ticha da matarsa da 'ya'ya huɗu, ba su da kome sai tufafin jikinsu da wata jakar leda mai takardun makaranta. Ma'aji bai tambaye su kome ba. Ya kwashe kayan ɗakin zaure da na ɗakin samari ya ba su. Wata bakwai suka yi a gidan, tukunya ɗaya. Ran Lahadi ɗan Ma'aji ke kai su coci a mota, ran Juma'a kuma Ticha ke zama gadin gida in maza sun tafi masallaci. A waɗannan watanni ƙungiyar ta yi abin da aka kafa ta dominsa, don kuwa kusan duk ɗan ajin da ke da gida a Yola ko Jimeta ya sauki wani, kuma ba wanda ya buɗe tsarin mulki ya duba sashe.

Da ƙura ta lafa Ticha bai koma ba. Gidansa ya ƙone, ƙarfinsa ya ragu, sai ya kama hayar ɗaki biyu a Jambutu, ya riƙa koyar da yara lissafi da yamma. Daga nan shafinsa a littafin ya fara zama fari. Naira 1,000 ce a wata, amma ga mai jiran fansho da 'ya'ya a makaranta ba ƙaramin abu ba ce. Nan ne fa Ma'aji ya yi kuskuren da har yau yake cizon yatsa a kansa. Shi mutum ne mai tsare amana har ta yi yawa, saboda haka a kowane taro sai ya miƙe ya karanta sunayen masu bashi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda doka ta ce, bai taɓa tsallake sunan kowa ba. Sau biyu aka karanta sunan Ticha yana zaune. A taro na uku bai zo ba. In Ma'aji ya buga masa waya sai ya ce yana aji, zai kira, ba ya kuwa kira. Shi Ticha yana tsammani bashi za a tambaye shi. Shi kuma Ma'aji yana jin nauyin zuwa gidan, kada a ce ya zo karɓar kuɗi. Tsakanin gidajensu tafiyar minti 15 ce a Keke Napep, amma suka shekara biyu ba su sa juna a ido ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, Ma'aji kuwa ya bar tasa ƙafar a cikin littafi.

A damina ta 2023, 'yan watanni bayan janye tallafin man fetur, lokacin da kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo, Ticha ya kwanta ciwo, ba a daɗe ba ya cika. Ma'aji bai ji ba sai da 'yar marigayin ta zo da kanta ta durƙusa ta ce, "Baba, abokinka ya tafi." Ita ce ta biyu, kuma a shekarar ta sami shiga Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei.

Taron ƙarshen shekara ya zo a cikin hunturu, hazo ya rufe Binuwai har ba a ganin ƙetare. Babban abin da ke kan takarda shi ne shirin walimar cika shekara 45 da gama makaranta, wadda za a yi a shekara mai zuwa. An riga an tara kuɗi, an zaɓi launin shadda, an kuma rubuta sunayen manyan da za a ba lambar yabo. Da aka zo kan maganar gudummawar Ticha, sai Sakatare ya karanta sashen, ya ce bashinsa wata 36 ne, watau naira 36,000, saboda haka iyalinsa ba su cancanta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗanda suka goyi bayan Sakatare marasa imani ne. Hujjarsu tana da ƙarfi. Ɗaya daga cikin lauyoyin ya ce an taɓa hana iyalan mutum biyu a kan wannan sashe, in aka ba na Ticha, da wane ido za a dubi waɗancan? Wani ya ce in aka karya doka yau, gobe ba mai biya, asusun ya mutu, marayun da ke tafe su rasa. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya ce a bar dogon zance, shi zai biya bashin daga aljihunsa yanzu, a rubuta kamar marigayin ne ya biya. Mutane suka fara tafi.

Ma'aji ya miƙe, littafin na hannunsa. Ya ce, "Alhaji, Allah Ya ƙara arziki, amma ban taɓa rubuta ƙarya a littafin nan ba, ba kuwa zan fara a shafin Ticha ba. Bai biya ba. Ba ya da shi ne. Ni ne na karanta sunansa a gabanku har ya daina zuwa." Ya ɗan tsaya, don muryarsa ta soma rawa. Sa'an nan ya ce shi abin da yake nema a gyara sashen, a ware wanda ya ƙi biya da wanda ya kasa, a kuma koma a biya iyalan mutum biyun da aka hana a da. In kuɗi ba su isa ba, ga kuɗin walima.

Nan fa wuri ya yamutse. Masu son walima suka ce an riga an gaya wa manyan baƙi, janyewa abin kunya ne. Wani tsohon soja ya buga tebur ya ce shi kunyar da ya sani ita ce a ci kaza a otal alhali 'yar Ticha na gida don rashin kuɗin rajista. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira la'asar, Musulmi suka fita salla, Kiristoci suka zauna suna jiransu, kamar dai yadda suka saba tun suna yara. Da aka dawo Shugaba ya sa aka kaɗa ƙuri'a. Gyaran sashen ya wuce da ƙyar. Walimar ba a soke ta ba, amma aka fasa otal da anko, aka ce a yi ta a gidan ɗaya daga cikinsu, rarar kuɗin a raba wa gidaje ukun. Mutum biyu suka fita cikin fushi, ɗayansu har yau bai sake biyan ko kwabo ba. Maganar daina karanta sunayen masu bashi a bainar jama'a kuwa, aka ce a kafa kwamiti, kwamitin kuma bai taɓa zama ba. Ma'aji dai ya daina karantawa, ba wanda ya tambaye shi dalili.

Washegari da hantsi ya hau Keke Napep zuwa Jambutu, wannan tafiya ta minti 15. Ya tarar da matar marigayin tana tankaɗe a tsakar gida. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa, ya yi mata gaisuwar rashi karo na biyu. Da ya miƙa mata ambulan ta ƙirga, sai ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon littafin darasi na mijinta. A bangon baya, da rubutunsa na malamin lissafi, ya jera watannin da ake binsa ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa jimla, ya ja layi biyu a ƙasa.

Ta ce, "Baban yara, ya ce in fanshonsa ya fito a fara kai maka wannan. A cire daga ciki."

Ma'aji ya ce ba za a cire ba, ƙungiya ta yafe. Ta ce ita ba ƙungiya ce ta bar mata wasiyya ba. Suka yi ta yi, ta ƙi. A ƙarshe ya karɓi naira 36,000, ya buɗe babban littafin a kan gwiwarsa, ya cike watanni 36 da shuɗin biro a saman jan layin, ya yage rasit ya ba ta. Da ya fito bai nufi gida ba, ya tsaya a bakin titi yana neman motar Girei, don a ranar ne yarinyar ke layin biyan kuɗin rajista.