Kuɗin da muka binne a ƙasa

A Tamale ba a cika gina ɗaki a ƙarƙashin ƙasa ba, kuma da dalili. Ƙasarmu marmara ce, ba ta shan ruwa da sauri. Da rani mata na yawo da jarkoki suna neman na sha, amma Agusta da Satumba na kamawa sai ruwa ya rasa inda zai bi. Ga shi unguwanninmu ba su da babban bututun gwamnati mai kwashe ƙazanta, kowane gida shi ke ji da nasa.

Gidanmu na gado a Kalpohin yana kan gangare, kuma ɗakin ajiyar Hajiya ya nutse taki uku ƙasa da tsakar gida. Duk damina bangonsa sai ya jiƙe, buhunan masara su yi fumfuna. Da muka haɗa kuɗin gyara, yayana ya ce a sa tayil da sabon get.

"Ƙanina, wa zai ga fayif a cikin ƙasa?" in ji shi.

Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ni da nake kwashe ruwa da kwano, ni zan gani."

Aikin ya koya mini cewa gangara ita ce komai. Mai aikin famfo ya ja igiya, ya shimfiɗa fayif mai inci 4 ta yadda kowace ƙafa 40 zai sauka ƙafa 1. Ya ce in ya kwanta sosai ƙazanta za ta tsaya a hanya ta toshe shi. Ya raba layi biyu: na masai ya nufi tankin siminti, wanda mota za ta riƙa zuƙewa ta kai Gbalahi, na ruwan sama kuma, mai ƙananan huji, aka binne shi cikin tsakuwa a gindin bango. A kowace kwana ya gina ɗan akwati mai murfi, don in ya toshe ba sai an fasa daɓe ba.

Abin da ya fi tono wuya shi ne inda ruwan zai fita. Hanya mafi arha ta bi ta gindin katangar maƙwabcinmu, wani dattijo Badagombe da ya yi shekaru yana gaisawa da mahaifinmu. Da mun sake masa ruwan, da mun tsame ɗakinmu mun jiƙa nasa. Muka sayi ƙarin fayif shida muka kai shi har kwatar bakin titi, kuɗin get ya tafi a nan.

Har yau baƙo in ya shigo, tsohon ƙyaure yake gani, wani ma ya tambaya yaushe za mu fara gyaran. Masarar bara kuwa tana nan a bushe, kuma dattijon nan bai taɓa sanin an yi shawara a kan katangarsa ba.