Hadiza da Wasan Kibau Huɗu

Rano tsohon gari ne a kudancin Kano, yana ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. A garin nan akwai wata yarinya, sunanta Hadiza. Shekarunta goma, tana aji biyar. Sana'ar uwarta yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, har daga Kibiya a kan zo saye.

Da Babbar Salla aka kai Hadiza birnin Kano gidan kawunta. A can ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Yaran gidan sun shimfiɗa wata tabarmar roba gaban talabijin. A bisa tabarmar an zana kibau huɗu: ɗaya ta dubi gaba, ɗaya baya, ɗaya dama, ɗaya hagu. Kiɗa na tashi, waɗansu kibau kuma suna hawa sama a fuskar talabijin. Duk kibiyar da ta iso inda aka yi alama, sai mai wasa ya taka irinta a tabarma. In ya taka daidai da kiɗa ya sami maki, in ya yi latti ya faɗi. Hadiza ta gwada sau uku, sau uku tana faɗuwa.

Da ta komo Rano ba ta da zance sai na wasan nan. Ta tafi wurin wanta Bala, wanda ya ke gyaran waya a bakin kasuwa, ta ce, "Yaya, ina a ke samun wasan rawa na talabijin?"

Bala ya ce, "Zauna ki ji. Wanda kika gani sunansa Dance Dance Revolution. Kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fito da shi a shekarar 1998. Da fari a gidajen wasa kaɗai a ke samunsa, a 1999 aka yi wanda a ke yi a gida. Yana sa mutum gumi ƙwarai, har a 2006 wata jiha ta Amurka, Bajiniya ta Yamma, ta soma sa shi a makarantunta domin motsa jiki. Akwai kuma Just Dance, na kamfanin Ubisoft na Faransa, wanda ya fito a 2009. Shi ba ya bukatar tabarma, mai rawa ka ke gani kana kwaikwayo. Akwai na ganga, Taiko no Tatsujin, shi ma na Japan ne, tun 2001. In alama ja ta zo a bugi tsakiyar ganga, in shuɗiya ce a bugi bakinta."

Hadiza ta ce, "To, wanne za mu saya?"

Bala ya yi dariya, ya ce, "Na tabarma sai da na'urarsa, da talabijin, da wutar lantarki wadda ba ta yawan ɗaukewa. Kuɗin asusunki ko igiyarsa ba zai saya ba. Akwai dai ƙanana na cikin waya, waɗanda a ke bugawa da yatsa. A kan ce kyauta ne, amma suna cin data, suna shan caji, waɗansu kuma su kan nemi kuɗi daga baya. Ki bari sai mun yi shawara da Inna."

Hadiza ba ta bari ba. Da dare, da Inna ta yi barci, sai ta ɗauki wayarta ba da izini ba. Ta nemo wasa, ta yi ta bugawa cikin bargo. Kafin tsakar dare data ta ƙare, caji ya ƙare, waya ta mutu. Ga shi kuwa kwana biyu ke nan babu wuta a unguwarsu. Tsoro ya kama ta, ta tura wayar ƙarƙashin matashi, ta yi shiru.

Ashe wata mata a Kibiya ta yi alkawarin kiran Inna da sassafe, za ta sayi man gyaɗa galan biyu domin bikin 'yarta. Ta kira, ta kira, ba ta samu ba. Sai ta saya wurin wata. Inna kuwa ta yini tana neman waya, ga mai a ajiye ba mai saye.

Da magariba Hadiza ta kasa cin tuwo. Ta ɗauko wayar, ta durƙusa, ta ce, "Inna, ni na ɗauka. Ki gafarce ni."

Inna ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Kwaɗayi mabuɗin wahala. Asarar mai ba ta dame ni ba kamar a ce na saɓa alkawari. Ran Asabar za ki bi Bala zuwa Kibiya, ki faɗa wa matar nan gaskiya da bakinki."

Kibiya maƙwabciyar Rano ce, a can kuma kakar Hadiza ta ke. Ran Asabar suka tafi a kan babur. Hadiza ta gai da matar, ta faɗi abin da ta yi, muryarta na rawa. Matar ta ce, "Tashi, 'yata. Ki gaya wa Innarki kasuwa mai zuwa ta ajiye mini galan ɗaya."

Suka kwana gidan Kaka. Da dare farin wata ya fito, 'yan mata suka taru a dandali suna gaɗa. Hadiza ta tsaya tana kallo. Sai ta lura da wani abu: kowace yarinya tana jiran kiɗan tafi, ba ta ɗaga ƙafa sai lokacinta ya yi. Wadda ta yi gaggawa ta ɓata, wadda ta yi nawa ta ɓata. Ta ce a ranta, "Ashe abin da talabijin ya ke nema ke nan!"

Ta ɗebo toka, ta zana kibau huɗu a tsakar gida, ta ce, "Kaka, ki buga mana ƙwarya."

Kaka ta ce, "Kishiyata, yau kuma ni za ki mayar makaɗiya?" Amma ta kife ƙwarya, ta ɗauki 'yan sanduna biyu. Aka sa yarinya ɗaya tana kira, "Gaba! Dama! Baya! Hagu!" Wadda ta taka ba daidai ba sai ta fita, wata ta shiga. Kaka ta kan buga a hankali, sa'an nan ta ƙara sauri, tana cewa, "Da kunne a ke rawa, ƙafa 'yar aike ce." Hadiza ta faɗi sau da yawa, amma kafin a tashi ta fara kama kiɗan.

Da ta koma Rano ta fasa asusunta, ta biya kuɗin data da na caji. Inna ta yarda ta riƙa yin wasan waya ran Juma'a da yamma, a wayar Bala, shi kuma yana zaune. Sauran ranaku, in an gama aikin gida da na makaranta, toka da ƙwarya sun ishe ta, ita da ƙawayenta. Da Salla ta zagayo ta sake hawa tabarmar gidan kawunta, ta kai ƙarshen kiɗa ba ta faɗi ba.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka fara yin wasan kibau huɗu, kuma a wace shekara?
2. Waɗanne abubuwa Bala ya ce wasan tabarma yana bukata?
3. Me ya fi damun Inna, asarar mai ko saɓa alkawari? Don me?
4. Me Kaka ta ke nufi da cewa ƙafa 'yar aike ce?
5. Ku zana kibau huɗu a filin makaranta, ku gwada wasan da tafi.